Injiniyancin tsari a ƙaramin kamfani: me za a ɗauka, me za a bari?

Bashir: Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masu harkar ƙera kaya. A ɗauka kamfani ne na mutum shida, yana son fitar da firiza mai aiki da hasken rana, lita 200, don masu sayar da kifi da ƙanƙara da zoɓo. Kwamfureso, batir da fanel duk saye za a yi. Abin da kamfanin zai ƙera da kansa shi ne akwatin, allon sarrafawa da manhajar da ke cikinsa. Ana cewa a bi injiniyancin tsari, wato fannin tsara kaya mai sassa da yawa don sassan su yi aiki tare, amma ma'auninsa, ISO/IEC/IEEE 15288 na 2015, yana da matakan aiki 30. Littafin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a kan wannan fanni kuma an rubuta shi ne don kumbo. Mutum shida ba za su iya wannan ba. To me za su ɗauka, me za su bari, ba tare da sun yi wa kansu illa ba?

Nura: Wa alaikumus salam. Ni a ganina su bar shi duka. Wannan fanni ya girma ne a hannun cibiyar bincike ta Bell Labs da sojan Amurka, inda gwamnati ke biya kuma abu ɗaya ake ƙerawa a shekara goma. Ma'aunin MIL-STD-499 na 1969 kwangilar soja aka yi wa shi. Ɗan kasuwa ya haɗa samfuri, ya kai wa mai kifi, ya ji koke, ya gyara. Shi ke nan.

Injiniya Sani: Malam Nura, abin da ka faɗa daidai ne a manhaja, inda gyara ba ya cin komai sai lokacin mai rubutawa. Firiza ba haka take ba. In ka biya kuɗin ƙarfen zubin roba, ka yi odar kwamfureso 300, sannan ka gano kwamfureson ya yi ƙanƙanta, babu wani sabuntawa ta intanet da zai cece ka. Don haka ni tambayar da nake yi wa kowane mataki ɗaya ce: wane kuskure ne wannan matakin yake hanawa, kuma in kuskuren ya faru nawa zai ci? In amsar ita ce kwana biyu na aiki, a bar matakin. In amsar ita ce dawo da kaya daga kasuwa, a yi shi, ko da a kan takarda ɗaya ne.

Kuma Bashir, ba sai ka fara da 15288 ba. Akwai ISO/IEC 29110, wanda aka yi musamman don ƙungiyoyin da ba su wuce mutum 25 ba. Sashensa na injiniyancin tsari ya fito a 2014, kuma a matakinsa na tushe ya dunƙule komai zuwa abu biyu: tafiyar da aiki, da kuma fayyace tsari tare da gina shi. Daga nan za a fara ragewa.

Bashir: Na gode Injiniya. To a aikace, ranar farko me ake yi?

Injiniya Sani: Ranar farko ba a taɓa KiCad, manhajar zana allon lantarki, ba a kuma taɓa wayar wuta. Ana rubuta yadda za a yi amfani da kayan, shafi ɗaya ko biyu, daga safe zuwa safe. Ƙarfe nawa mai shago yake buɗewa, me yake zubawa ciki, da wane zafi, sau nawa yake ɗaga murfi, ina firizar take zaune, a rumfar kwano ne ko a ɗaki, wa zai gyara in ta tsaya. Ga dalilin da ya sa wannan shafin ya fi duk sauran takardu daraja. Jakar fiya wata ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita, wato kilo 10 na ruwa. Don sauke kilo ɗaya daga digiri 30 zuwa sifili ana cire kilojul 126, don daskarar da shi kuma ana cire wasu 334. Jimla 460, kusan wat-awa 128. Jaka guda ke nan wat-awa 1,280 na zafi. In injin sanyin yana cire zafi 1.3 a kan kowane 1 na lantarki, za ta ci kusan wat-awa 985 daga batir da fanel. Yanzu a ce ka lissafa firizar a kan wat-awa 1,200 a rana, lissafin wanda ke ajiye abin da ya riga ya daskare. Jaka ɗaya ta kusa ninka maka buƙatar wuta. Mai ƙanƙara kuwa ba jaka ɗaya yake zubawa ba.

Dakta Hadiza: Injiniya, a ƙara wasu kilojul 38 a kowane kilo in ana son ƙanƙarar ta kai digiri 18 ƙasa da sifili. Ya zama kusan wat-awa 1,380 a jaka. Amma abin da ya fi damuna ba batir ba ne, ƙarfin kwamfureson ne. In yana cire wat 80 na zafi, jakar nan kaɗai za ta ɗauke shi sama da awa 17, ba a ma sa zafin da ke shigowa ta bango da ƙofa ba. Ko ka ninka fanel sau uku ba zai daskare da wuri ba. Wato mai kifi da mai ƙanƙara kaya biyu ne daban, kuma dole kamfanin ya zaɓi ɗaya tun kafin ya yi odar komai.

Injiniya Sani: Gyara ya yi, Dakta.

Alhaji Ɗanlami: Ku yi haƙuri, ni ɓangaren kuɗi na sani. Duk wannan nawa zai ci? Don injiniyoyi in aka sake muku fuska sai ku shekara kuna lissafi kaya bai fita ba.

Dakta Hadiza: Ranka ya daɗe, akwai binciken Eric Honour na 2013 da ake yawan ambata. Ya samu cewa ayyuka sun fi cin nasara in injiniyancin tsari ya ci kusan kashi 14 cikin ɗari na kuɗin aikin. Sai dai manyan ayyuka ya duba, don haka ba zan ɗora wa ƙaramin kamfani wannan adadi kamar farilla ba. In an bi shi a misalinmu, mutum shida a wata 12 aikin wata 72 ne, kashi 14 kusan wata 10 ke nan. Da jin haka sai mutum ya razana, amma a ciki har da gwaje-gwaje da haɗa sassa, waɗanda ko ana so ko ba a so sai an yi su. Rubuce-rubucen kansu bai kamata su wuce mako uku zuwa huɗu na mutum ɗaya a farko ba, sannan awa biyu ko uku a kowane mako.

Alhaji Ɗanlami: To, wannan da sauƙi. Sai a ɗauki sabon ma'aikaci?

Injiniya Sani: A'a Alhaji. A ba wa ɗaya daga cikin shidan, wanda ya fi kowa fahimtar kayan gaba ɗaya, kuma a ba shi ikon cewa a'a. In aka ba ƙaramin yaro da ba ya iya musa wa shugaban kamfani, takardar za ta zama ado.

Rabi'atu: Bari in shigo kan rubuta buƙatu, don nan ake yawan ɓata lokaci. Firiza irin wannan buƙatu 40 zuwa 60 sun ishe ta. In sun kai 300, an fara rubuta zane ne a madadin buƙata. Excel ko Google Sheets ya wadatar, ginshiƙi bakwai: lamba, buƙatar, dalilinta, wanda ya kawo ta, yadda za a tabbatar, sakamakon gwaji, ranar canji na ƙarshe. Ba sai an sayi DOORS, manhajar adana buƙatu ta manyan kamfanoni, ba.

Don jimlolin su fita tsaf, akwai salon EARS da Alistair Mavin da abokan aikinsa a Rolls-Royce suka gabatar a 2009. Siga biyar ne: abin da yake kullum, abin da ke faruwa "lokacin da", abin da ke gudana "muddin", abin da ake yi "idan" matsala ta auku, da abin da ya shafi wani zaɓi na kayan kaɗai. Misali, kada a rubuta "firiza ta yi sanyi sosai". A rubuta: "Muddin zafin waje bai wuce digiri 45 ba, firizar za ta riƙe kilo 40 na daskararren kifi a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka na awa 14 babu rana." Wani: "Idan kwamfureso ya tsaya, allon sarrafawa zai jira minti 3 kafin ya sake tayar da shi." A ginshiƙin dalili a rubuta cewa matsin gas bai daidaita ba tukuna, in aka tayar nan take injin zai cije ya ja wuta mai yawa. Ginshiƙin dalilin nan kada a raina shi. Bayan wata takwas wani zai zo ya ga minti 3 ya yi yawa ya mayar da shi daƙiƙa 20, in bai ga dalili a rubuce ba.

Ƙa'ida ɗaya: duk buƙatar da aka kasa rubuta yadda za a gwada ta, ko a gyara ta ko a goge ta.

Bashir: Me ya sa 45 kika sa, Hajiya, ba 43 ba?

Rabi'atu: Don ajin yanayi mafi zafi na firiji na gida, wato ajin T, ya tsaya ne a digiri 43, ajin ST kuma a 38. Sakkwato da Maiduguri suna haura 43 a wasu ranakun Afrilu da Mayu, balle a cikin rumfar kwano. Mai sayar maka da kwamfureso zai nuna maka alƙaluman da aka auna a yanayi mai sauƙi. Kai ne za ka nemi teburin ƙarfinsa a zafin kwandensa mai yawa, ka yi lissafi da shi.

Nura: To ai duk wannan hankali ne kawai, ba wani fanni ba. Ina zanen V ɗin nan da ake ta koyarwa, da SysML, harshen zana tsari, da sauransu?

Injiniya Sani: Zanen V abin da yake cewa kawai shi ne kowace buƙata a hagu tana da gwajinta a dama. Ginshiƙi na biyar a teburin Hajiya Rabi'atu shi ne V ɗin. SysML kuwa, ga kaya mai sassa takwas ko tara, ban ga ribarsa ba. Capella, manhajar yin irin wannan zane, kyauta ce, kamfanin Thales ne ya sake ta, amma kyautar lasisi ce kawai. Koyonta zai ci makonni, kuma in mutum ɗaya ne ya iya ta a kamfanin, ranar da ya tafi zanen ya mutu. Abin da zan nace a kai shi ne teburin mahaɗa. A jera sassan a tsaye da a kwance: fanel, na'urar caji, batir da allon kariyarsa, allon sarrafawa, kwamfureso, fanka, sensar zafi, akwati, mai amfani. Sassa tara suna da mahaɗa 36 da za su iya yiwuwa. A bi kowane gida a tambaya: me ke wucewa tsakanin waɗannan biyun, wuta ce, sako ne, zafi ne, ko ƙusa? Nawa, da wane ma'auni, wa ke da alhakinsa? Aikin yini ɗaya ne.

Kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a 1999 a kan irin wannan gida guda: manhajar wani ɓangare tana fitar da alƙalami da ma'aunin fam, ɗayan ɓangaren yana karantawa a matsayin niyuton. 

Usman: A firizar ga gidajen da suka fi cizo. Na ɗaya, allon kariyar batir da kwamfureso: wutar tashi ta fi ta gudu, in allon kariyar yana yankewa a ƙasa da ita, firizar za ta riƙa mutuwa da asuba lokacin da batir ya yi ƙasa, a zaci kwamfureso ne ya lalace. Na biyu, matakin yankewa: batirin LiFePO4 mai ƙwaya 8 yana ba da bolt 25.6, kuma yawancin injinan kwamfureso na DC suna zuwa da matakin yankewa da aka saita don batirin dalma. Sai an daidaita su, a kuma rubuta wa zai fara yankewa, allon sarrafawa ko na kariya. Ya kamata na sarrafawa ya riga. Na uku, waya: amfiya 6 a waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 mai tsawon mita 5 zuwa da 5 dawowa tana zubar da kusan bolt 0.42. A tsarin bolt 12 wannan ya isa ya sa injin ya ga kamar batir ya ƙare. Na huɗu, zafi: kada a sa batir a ɗakin da iskar kwandensa ke fita, don takardun bayanin ƙwayoyi da yawa sun taƙaita caji a digiri 45. Na biyar, gas: gas ɗin sanyi na R600a yana kamawa da wuta, ƙa'idar IEC 60335-2-24 ta taƙaita shi a giram 150 ga na'urorin gida, don haka fiyus da rile da duk abin da ke tartsatsi ba sa zama inda gas zai taru in ya yi yoyo.

Dakta Hadiza: Wannan jerin na Malam Usman shi ne rabin FMEA ɗinsu, wato nazarin hanyoyin da kaya zai iya lalacewa da illar kowace. Kuma a nan ma a rage. Kada a bi kowace ƙusa. A zauna awa uku, mutum huɗu, har da mai gyaran firiji na kasuwa in za a samu, a fitar da hanyoyin lalacewa 20 zuwa 25. Tsohon salo yana ninka tsanani da yawan faruwa da wahalar ganowa, kowanne daga 1 zuwa 10. Matsalarsa, gobara mai maki 10 × 2 × 2 tana ba da 40, ƙarar fanka mai 3 × 6 × 5 tana ba da 90, sai teburin ya ce a fara da fanka. Shi ya sa littafin FMEA na 2019 na AIAG da VDA, ƙungiyoyin masana'antar motoci na Amurka da Jamus, ya bar wannan ninkin ya koma fifita mataki bisa tsanani. Ƙaramin kamfani ya ce kawai: duk abin da tsananinsa 9 ne ko 10 sai an yi masa magani, ko makinsa nawa ne.

Nura: Har yanzu ina ganin samfuri ya fi takarda faɗin gaskiya.

Rabi'atu: Babu mai musa maka, Malam Nura, amma samfuri yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Ga misali. Kafasita mai ruwa da aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105, rayuwarta tana ninkuwa da duk ragin digiri 10. Waje 45, cikin akwatin lantarki ƙarin 20, zafin kanta ƙarin 10, ta kai 75. Awa 16,000 ke nan, shekara kuma awa 8,760 ce, wato ba ta cika shekara biyu ba. Samfurinka zai yi wata uku yana aiki lafiya lau, ba zai gaya maka komai ba. Lissafin minti biyar zai sa ka sayi mai awa 5,000, ta ba ka 40,000. Ba kullum zafin ke kai haka ba, gaskiya ne, amma da garanti na shekara biyu ba a wasa a kan iyaka.

Nura: Wannan kam na karɓa. Amma bita-bita da taruka fa?

Injiniya Sani: Uku kacal, kuma kowanne a ɗaure shi da fitar kuɗi, don Alhaji ya ji daɗi. Na farko kafin odar kwamfureso da batir na samfuri: an yarda da shafin amfani, da buƙatu, da kasafin wuta? Na biyu kafin biyan ƙarfen zubi da buga allo da yawa: an rufe teburin mahaɗa, samfurori 3 zuwa 5 sun wuce gwajin zafi? Na uku kafin odar kayan ƙira na farko: an gwada raka'o'in da aka haɗa da kayan aikin gaske, da hannun ma'aikatan gaske, ba injiniyan da ya zana ba? Kowace bita awa biyu, da mutum ɗaya daga waje wanda ba ya jin nauyin kowa. Abin da ake fita da shi jerin matsaloli ne, kowace da suna da rana.

Alhaji Ɗanlami: Madalla. In ba a wuce bita ba, ba na sa hannu a cek. Wannan na gane.

Usman: Gwajin zafin ma ba sai an yi hayar ɗakin gwaji tun farko ba. Ɗaki na katako da soso mai hana zafi, hita wat 1,000 da na'urar daidaita zafi, fanka mai juya iska, sensa shida zuwa takwas da ke rubuta zafi duk minti ɗaya. A sa robobin ruwan gishiri ko ainihin kifi a matsayin kaya, a ɗaga murfi bisa jadawalin da ke shafin amfani. A toshe rabin kwandensa da kwali don kwaikwayon ƙurar hunturu. Kafin a yarda da sensa, a tsoma su cikin ruwa da ƙanƙara a ga ko suna nuna sifili. Wannan ba zai ba da takardar shaida ba, amma zai hana a kai kaya ɗakin gwaji mai tsada su faɗi a ranar farko.

Bashir: Raka'a nawa za a gwada kafin a ce abin dogaro ne?

Dakta Hadiza: In ana son a ce kashi 90 za su wuce, da yaƙinin kashi 90, sai a gwada 22 babu wadda ta faɗi. In kashi 95 ake so da yaƙini iri ɗaya, 45. Kashi 99 kuma 230. Firiza 22 kuɗi ne mai yawa, don haka a raba: allon sarrafawa yana da arha, a gwada 22 ko 45 a cikin zafi, maƙalar murfi da robar ƙofa a sa ƙaramin injin lantarki ya buɗe ya rufe sau dubbai, cikakkiyar firiza kuma 8 zuwa 10 a hannun 'yan kasuwa na gaske, da na'urar rubuta bayanai a ciki, kuma lokacin ya ratsa bazara. Gwajin fili da aka yi a Disamba da Janairu ba ya nuna komai game da Afrilu. Kuma a faɗi gaskiya a takarda: goma ba su ba da yaƙinin lissafi ba, sun nuna ne ko an ƙera abin da mutane ke so.

Rabi'atu: Abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma shi ke kashe ƙananan kamfanoni bayan kaya sun fita: canji. Kowace firiza ta sami lamba, a rubuta zubin allonta, sigar manhajarta, da rukunin batirinta. Manhaja da zanen allo da jerin sassa su zauna a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji. In mai sayayya ya ce fankar da aka saba ta ƙare ga wata "iri ɗaya", a cika fom na rabin shafi: me ya canza, waɗanne buƙatu da mahaɗa ya taɓa, wane gwaji za a maimaita. Galaxy Note 7 a 2016 darasi ne: an janye wayoyin saboda aibin batirin kamfani ɗaya, aka maye da na wani cikin gaggawa, shi ma ya zo da nasa aibin na walda, har aka daina ƙera wayar a Oktoba. In Samsung ta faɗa wannan rami, mai mutum shida ya kiyaye.

Usman: A kuma duba ƙa'idojin hukuma tun a teburin buƙatu, ba a ƙarshe ba. A Najeriya kayan da aka ƙera a gida suna bin tsarin tantancewa na MANCAP na SON, hukumar kula da ingancin kaya, waɗanda aka shigo da su kuma tsarin SONCAP. Batirin litiyam ba ya hawa jirgi sai da shaidar gwajin UN 38.3, don haka a nemi takardar daga mai sayarwa kafin a biya, ba bayan kaya sun maƙale ba.

Nura: Fom na rabin shafi a kan kowace fanka? Nan ne za a koma gidan jiya. Wata uku za a yi ana cikawa a watsar.

Rabi'atu: Shi ya sa ba kowane sashe ba. A jerin sassa a sa alama a kan waɗanda suka fito a FMEA da tsanani 7 zuwa sama, ko suke cikin teburin mahaɗa. A firizar nan ba za su wuce 15 ba: kwamfureso, ƙwayoyin batir, allon kariya, fiyus, waya, fanka, kafasitoci, sensa, robar ƙofa, sinadarin soson bango da 'yan kaɗan. Sauran, kamar ƙusa da sitika da ƙafafun roba, mai sayayya ya canza abinsa ya rubuta a littafi kawai.

Nura: Fanka dai ni da zan cire ta daga jerin.

Usman: Kada ka cire. Fanka mai bushin da mai boris girmansu ɗaya, wutarsu ɗaya, amma a zafi da ƙura ta farkon tana riga mutuwa, in ta tsaya kuma zafin kwandensa ya hau, kwamfureso ya yi ta yankewa, kifin mutane ya narke. A rubuta nau'in boris ɗin da yawan iskar da take turawa a jerin sassa, sannan a ƙara buƙata guda: idan fanka ta tsaya, allon sarrafawa zai kunna fitilar gargaɗi ya rage gudun kwamfureso. Hakan na nufin fanka mai waya uku, wadda ke dawo da saƙon juyawarta, da ƙafa ɗaya a kan allo da za a tanada tun kafin bita ta biyu.

Bashir: Na ƙara ta. Hajiya Rabi'atu, ginshiƙin sakamakon gwaji, adadi ake rubutawa ko "ya wuce" kawai?

Rabi'atu: Adadi, da lambar rakar da aka gwada, da rana. "Ya wuce" ba zai nuna maka ko da digiri 4 ka tsira ko da rabin digiri ba, kuma ranar da za a rage kaurin soso don rage farashi wannan tazarar za a nema.